Darasi: Harafi Ɗaya da Ciwon Sikila

Ku dubi waɗannan kalmomi biyu: kafa da ƙafa. Ɗan ƙugiyar da ke kan harafin farko shi kaɗai ya raba su, amma ma'anarsu ta yi nisa da juna. A jikin ɗan Adam ma akwai wani rubutu da yake canja ma'ana idan harafi ɗaya ya sauya. Ciwon sikila, wanda Hausawa suke kira amosanin jini, daga irin wannan sauyi yake tasowa. Da wuya a sami unguwa a Potiskum da ba a san wani yaro mai fama da shi ba, ko tsakanin Bolewa, ko Ngizim, ko Karekare, ko Fulani, ko Hausawa.

Jikinku cike yake da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a cikinsu akwai wani dogon zare da ake kira DNA. Rabinsa kun gada daga uwa, rabi daga uba. Haruffa huɗu ne kacal a wannan rubutu: A, T, G da C. Jiki yana karanta su uku-uku, kuma kowane rukuni na uku yana kiran sunan amino asid ɗaya. Amino asid iri 20 ne. Ƙwayar halitta takan kwafi saƙon, ta kai shi inda ake haɗa furotin, a jera amino asid ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake shirya duwatsun ado a zare. Bayan an gama, sai jerin ya naɗe, ya ɗauki wata siffa. Da wannan siffa ce furotin yake yin aikinsa.

Ba kowane sauyin harafi ne yake kawo cuta ba. Idan GAG ya koma GAA, amino asid ɗin da ake kira bai canja ba, jiki kuma ba ya jin komai. Wani sauyin kuwa yakan sa a tsayar da aiki tun jerin bai kai ƙarshe ba, furotin ya fito guntu, marar amfani.

To, ina sikila? A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai furotin mai suna himoglobin, wanda yake ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Ɗaya daga cikin jerin da suka haɗa shi yana da amino asid 146. A wuri na 6, rubutun lafiya GAG ne, amma a wurin mai sikila ya koma GTG. Saboda haka sai a sanya balin a gurbin gulutamik asid. Shi gulutamik asid yana jituwa da ruwa, balin kuwa gudun ruwa yake yi. Da zarar himoglobin ya sauke oksijin, sai balin ya manne da na kusa da shi, su yi ta haɗuwa har su zama dogayen sanduna masu tauri. Ƙwayar jinin da take a kewaye, mai laushi, sai ta lanƙwashe kamar lauje.

Irin wannan ƙwaya ba ta iya ratsa ƙananan hanyoyin jini cikin sauƙi. Takan toshe su, jini ya kasa wucewa, mutum ya ji matsanancin ciwo a ƙashi da gaɓoɓi. Kuma ba ta daɗewa: lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, ta sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ne. Shi ya sa jini yake ƙaranci, ido ya yi rawaya. Sanyin hunturu, da ƙishirwar bazara, da zazzaɓin cizon sauro, duk suna iya tayar da ciwon.

Wani likita a Amurka, James Herrick, shi ne ya fara bayyana siffar laujen a rubuce a 1910. A 1956 kuma Vernon Ingram ya nuna a Kambirij, Ingila, cewa bambancin yana cikin ɗan ƙaramin sashe na furotin, kuma a shekarar da ta biyo ya gano amino asid ɗin da ya sauya.

Kuna iya tambaya: me ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasarmu? Wanda ya gaji kwafi ɗaya kawai, wato AS, yawanci lafiyarsa ƙalau, kuma yana da ɗan kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Don haka masu AS suka yi ta rayuwa suna haihuwa a ƙasashen da sauro ya yi yawa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ku lura da kyau: lissafin na kowane ciki ne, ba na jimillar 'ya'ya ba. Ana iya samun gida mai 'ya'ya huɗu, uku daga cikinsu SS.

Wannan ciwo ba maita ba ne, ba aikin iska ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare. Gwajin jini a babban asibitin Potiskum yana nuna ko mutum AA ne, ko AS, ko SS. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta irin wannan gwaji kafin ɗaurin aure.

Aiki: Ku zana jadawalin auren AA da AS, sannan na AS da AS. A cikin jimloli uku na Hausa, ku bayyana wa abokin zamanku bambancin da kuka gani.