Darasi: Sayen Kaya Da Kuɗin Tallafi

Manoman rani na Rano da Kibiya, darasinmu na wannan wata a kan kuɗin tallafi ne.

A shekarar 2008 Bankin Duniya ya amince da Shirin Fadama na Uku. Shirin ya shiga duk jihohin Nijeriya, har da Kano. Ƙungiyoyin manoma aka riƙa ba tallafin. In za a sayi injin ban-ruwa, ƙungiya ta kawo kashi 30 cikin ɗari, shirin ya cika 70. Ƙungiyar ce ke sayen kayan da kanta, amma gwamnati na sa ido.

Me ya sa? Domin kuɗin rance ne gwamnati ta karɓo daga Bankin Duniya. Ƙasa ce za ta biya, wato ni da ku.

Ga ƙa'idar da irin waɗannan shirye-shirye ke bi. Kafin a saya, a nemi farashi daga 'yan kasuwa uku. Kowa ya rubuta nasa a takarda. A karanta a gaban taro. A ce na farko ya ce naira dubu 150, na biyu dubu 135, na uku dubu 120. Kada a yi saurin ɗaukar na uku. A duba ƙarfin injin tukuna. Sabo ne ko kwance? Ana samun kayan gyaransa a Rano, ko sai an je Kano? Arha ba ta ado. In duka ukun iri ɗaya ne, sai a ɗauki mai sauƙi.

Inda ake yawan ɓata rawa shi ne nan: shugaba ya kawo takardu uku, alhali duk daga shagon ƙaninsa suka fito. Jami'an bincike sun san wannan dabara. Sukan duba rasit da takardar banki. Sukan zo har gona su ga injin, su gwada lambar jikinsa da ta rasit. In aka ga bambanci, ana iya tsayar da sauran kuɗin. Laifin mutum ɗaya sai ya shafi kowa.

Saboda haka kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba. Ai don haka ka shiga ajin yaƙi da jahilci.

Aikin gida: nawa ne tsakanin farashin farko da na uku? Rubuta amsar ka kai wa malaminku.