Zangon ɗalibi a bakin teku

Kowane matafiyi ya san zango. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna da zangonsu. Ayarin raƙuman da ke zuwa Bilma ɗaukar gishiri yana da nasa. A zango ake sauke kaya, a sha ruwa, a miƙe ƙafa. Jirgin ruwa ma yana yada zango. Darasin yau labarin wani ɗalibi ne ɗan Nijar, da yinin da ya yi yana hutawa a bakin teku, kan hanyarsa ta zuwa karatu Faransa.

1. Hanya mai nisa

A shekarun 1950 babu jami'a a Nijar. Sai a 1971 aka buɗe babbar makarantar Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973. Kafin nan, yaron da ke son ilimi mai zurfi dole ya fita waje. Haka Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, ya yi karatu a Senegal, daga can ya wuce Faransa. Sunansa aka sa wa jami'ar Yamai a 1992.

A lokacin ɗalibai da yawa jirgin ruwa suke shiga. Amma Nijar ba ta da teku. Daga Yamai zuwa Kwatano ya fi kilomita 1.000. Ɗalibin nan ya shiga mota, ya bi ta Doso da Gaya, ya ƙetare kogin Kwara. Ya shiga Dahome, ƙasar da ake kira Benin tun 1975. A Paraku ya hau jirgin ƙasa, tafiyar kilomita 438 har Kwatano.

Kwatano ba ta sami babbar tashar jiragen ruwa ba sai a 1965. A da, jirgi can nesa da gaɓa yake tsayawa. Akwai wata doguwar gada ta ƙarfe da ta shiga cikin teku. A ƙarshenta ake zuba mutane cikin wani babban kwando, inji ya ɗaga su, ya sauke su cikin ƙaramin jirgi. Ƙaramin ne ke kai su ga babban. Ranar nan ɗalibin ya yi salati ba adadi.

2. Cikin jirgi

Kwana 2 na farko bai iya cin abinci ba. Jirgi yana tangaɗi, kansa yana juyawa, ga amai. Wannan ba cuta ba ce mai kisa. Jiki ne bai saba ba. A kwana na 3 ya warware.

A ɗakin da suke kwana akwai wani dattijo Bagobiri. Kuku ne, maigidansa ya kira shi aiki a Marsai. Shi ne ya riƙa kawo wa ɗalibin shayi lokacin da yake kwance.

Jirgi ya tsaya Lome, ya tsaya Abijan, ya tsaya Konakiri. Ko'ina ana sauke kaya, ana ɗaukar wasu. Mutane suna sauka su sha iska. Dattijon nan bai taɓa sauka ba. Ɗalibin ya tambaye shi dalili.

Ya ce: "Ɗana, ni ban san lokacin tashi ba. In na sauka jirgi ya tafi da kayana, wa na sani a ƙasar mutane?"

3. Allo a bakin matakala

Ran nan da ƙarfe 7 na safe jirgi ya shiga Dakar. A bakin matakalar sauka an rataye allo. An rubuta da alli: 18 h.

Ɗalibin ya ce: "Baba, ga lokacin tashi nan a rubuce. A kowace tasha haka ake yi."

Ya yi masa bayani. Yini da dare awa 24 ne. A rubutun ma'aikata, bayan ƙarfe 12 na rana ba a komawa 1. Ana ci gaba da 13, 14, 15, har 24. In lamba ta wuce 12, sai a cire mata 12. Ke nan 18 ƙarfe 6 ne na yamma. Daga 7 na safe zuwa 6 na yamma awa 11 ne cur.

Dattijo ya yi shiru, sannan ya ce: "To, ɗana, yau idona yana hannunka." Ya ɗauki hularsa, suka sauka.

4. Tsibirin Gore

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Gore ƙaramin tsibiri ne daura da Dakar, nisan wajen kilomita 3. Tsawonsa bai kai kilomita 1 ba. Wani ƙaramin jirgi ne ke kai mutane, tafiyar kamar minti 20. Shi ma yana da allon lokutansa. Ɗalibin ya karanta, ya rubuta a takarda, ya sa aljihu.

A Gore babu motoci, babu hayaniya. Kusa da inda ake sauka akwai ɗan fili na rairayi mai laushi. Nan suka tuɓe takalma, suka zauna. Bayan kwanaki cikin zafin jirgi da warin inji, iskar teku ta yi musu daɗi ƙwarai. Yara suna iyo. Masunta suna jawo kwale-kwale masu fenti. Da yake su biyun ba su iya ruwa ba, iyakarsu gwiwa. Igiyar teku tana da ƙarfi, tana iya jan babban mutum.

Dattijo ya kamfaci ruwa ya ɗanɗana, ya tofar. Gishiri! Ɗalibin ya gaya masa abin da ya karanta a lakwal. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35. Ba a shansa, ba a ban ruwan shuka da shi. Amma malamai sun ce yana da tsarki, ana alwala da shi. Da azahar ta yi, da shi suka yi alwala.

Dattijo ya lura da wani abu kuma. Wurin da ruwa ke taɓawa da safe, yanzu ya bushe. Ɗalibin ya ce teku tana cika tana janyewa sau 2 a yini da dare. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taimaka masa.

Suka sayi shinkafa da kifi, abincin mutanen Senegal. Suka ci suka ƙoshi. Dattijo ya miƙe a inuwa, ya yi barcin da bai yi irinsa ba tun Kwatano.

Da ya farka suka zaga gari. Suka ga ginin da makarantar horon malamai ta William Ponty ta zauna tun daga 1913, kafin a mai da ita Sebikotan. A nan Bubu Hama ya yi karatu, ya zama malamin makaranta a 1929. A nan Diori Hamani ya yi nasa, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1960. Suka ga wani tsohon gida na zamanin cinikin bayi, da ƙofarsa mai duban teku. Nan suka daɗe tsaye ba mai magana. Saboda wannan tarihi, a 1978 hukumar UNESCO ta sa Gore cikin wuraren tarihi na duniya.

5. Jirgi ba ya jiran kowa

Wurin ya yi daɗi, dattijo ba ya son tashi. Ɗalibin ya duba takardarsa, ya ce: "Baba, mu bi jirgin ƙarfe 4. Kada mu jira na ƙarshe." Ya san abin da ke gabansa. In jirgi ya bar shi, za a buɗe makaranta babu shi. Kuɗin da gwamnati ta kashe, da gumin iyayensa, duk sun tafi banza.

Ƙarfe 5 suna cikin jirgi. Jiniya ta yi kuka. Ana shirin janye matakala sai ga wasu mutum 2 a guje, suna haki. Da kyar suka hau. Wani ne a kasuwa ya ce musu ai sai dare jirgi zai tashi.

Daren nan dattijo ya ce: "Ɗana, koya mini lambobin nan." Kafin su kai Marsai ya iya rubuta 1 har 24, ya iya duba agogo.

6. Abin riƙewa

Yau ɗalibai jirgin sama suke shiga. Tun 2010 kuma akwai jami'a a Maraɗi, da Tawa, da Damagaram. Amma allon nan yana nan ko'ina: a tashar mota, a takardar likita, a kwalin magani, a bakin sikeli ranar awon kaya. Mai dogaro da "an ce" kullum gabansa yana faɗuwa. Wanda ya karanta da idonsa yana hutawa da hankali kwance, yana tashi kan lokaci.

Tambayoyi

1. Mene ne tsibiri?
2. Don me dattijo ya ƙi sauka a Lome da Abijan?
3. Me ya sa mutum 2 suka kusa rasa jirgi?
4. A ina aka taɓa cutar wani a garinku don bai iya karatu ba? A tattauna.

Lissafi

1. An rubuta 15 h. Ƙarfe nawa ke nan?
2. Mota za ta tashi 14 h. Yanzu ƙarfe 9 na safe. Saura awa nawa?
3. Lita 1 ta ruwan teku tana da gishiri giram 35. Giram nawa ke cikin lita 20?