Amsoshin Tambayoyinku: Tsaunin Mambila

Wani mai sauraronmu daga kasuwar dabbobi ta Maigatari yana tambaya: shin akwai wuri mai tsaunuka da sanyi a Najeriya da ya cancanci ziyara?

Akwai, Malam. Tsaunin Mambila ne, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, hedikwatarta Gembu. Can ciyawa kore shar, hazo na rufe tuddai da safe, shanun Fulani na kiwo, ga nono da man shanu. A Kakara ake noman ganyen shayi, ana kuma samun ayaba, fiya da masara. Kusa da nan akwai gandun dajin Gashaka-Gumti, mai ɓauna da birai iri-iri, da dutsen Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, mafi tsayi a ƙasar. In za ka je, ka tafi da rani, kuma ka riƙe rigar sanyi.