Janareta marar mai: daga ina wutar take fitowa?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tallar "janareta marar mai" ta yawaita a Facebook da WhatsApp. Ƙirar kusan iri ɗaya ce ko'ina: batir yana juya moto, moton yana jan altaneta da fambel, altanetan kuma yana ba gida wuta, yana kuma mayar wa batirin cajinsa. A faɗar masu tallar, da zarar ya tashi shi ke nan. Duk wanda aikinsa auna wuta ne, tambaya ɗaya yake fara yi wa kowane inji: me ke shiga, me ke fita? Wannan injin ba shi da amsar rabin farko na tambayar, kuma matsalarsa ke nan gaba ɗaya.

Makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba ya kuma ɓacewa, kama kawai yake sauyawa. James Joule na Ingila ya nuna haka a shekarun 1840, inda ya sa nauyi yana juya filafilai cikin ruwa, ya auna ɗumin da ruwan ya ƙaru da shi, ya tarar aikin da aka yi da zafin da aka samu kullum suna tafiya daidai wa daida. A kan wannan lissafin aka gina duk injin da muke gani. Litar fetur tana ɗauke da makamashi kusan yunit 9, irin yunit ɗin da mita take cirewa, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda. Ƙaramin janareta da ƙyar yake mayar da kashi ɗaya cikin biyar na wannan ya zama lantarki. Sauran yana nan bai ɓata ba: shi ne salansar da ba a iya taɓawa, da iska mai zafi da ke fitowa ta gefe, da ƙarar da ke hana maƙwabta barci. A madatsar ruwa ta Kainji ma ruwan da ke gangarowa daga sama ne yake biyan kuɗin wutar.

To a bi zagayen injin marar mai a lissafa. A ce moton mai kyau ne, yana mayar da kashi 85 cikin ɗari na wutar da ya karɓa zuwa juyi, altanetan kuma yana mayar da kashi 80 na juyin zuwa lantarki. Batir ya ba da ɗari, abin da zai komo 68 ne, tun ba a cire abin da fambel da waya da shi kansa cajin suke ci ba, kuma tun ba a kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba. Kamar mai ciro kuɗi ne daga aljihun dama yana sawa a na hagu, dillali na tsaye yana yankar la'ada a kowane zagaye. Hasali ma da an cire moton da altanetan an haɗa batirin da inbata kai tsaye, wutar ta fi daɗewa.

Wani zai ce ai da idonsa ya ga abin yana aiki. Gaskiya ne, yana aiki, har zuwa lokacin da batir zai ƙare. Batirin bolt 12 mai amfiya 200 yana riƙe yunit 2.4. Ƙwayayen fitila biyar masu wat goma-goma za su yi kusan kwana biyu a kansa idan su kaɗai ne, shi ya sa a bidiyon talla fitila da fanka ake kunnawa, na minti uku. A jona dutsen guga mai wat 1,000, a rufe injin a ɗaki, a dawo bayan awa shida. Wani kuma zai kawo misalin mota, cewa altanetanta yana cajin batir tana tafiya. Haka ne, amma injin da ke ƙona fetur ne yake juya shi, kuma duk fitilar da direba ya ƙara kunnawa daga tanki ake biya. Maganaɗisu ma da ake yawan fakewa da shi ba ya kawo komai daga waje: ƙarfin da ya ba ƙarfe lokacin da yake jawo shi, shi za a kashe wajen raba su. Babbar ƙafar ƙarfe mai nauyi da wasu ke ƙarawa kuwa ajiya ce, abin da aka zuba mata take mayarwa.

Ƙorafin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na masu cewa ilimi yana canzawa, kuma bai kamata a kashe wa matasa masu fasaha gwiwa ba. Ilimi yana canzawa, amma da awo yake canzawa. Tunanin injin da ke juya kansa har abada ya girmi lantarkin gida da ɗaruruwan shekaru, har Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta gaji, a 1775 ta daina karɓar irin waɗannan ƙirƙire-ƙirƙire don dubawa. Daga lokacin zuwa yau babu ko ɗaya da ya tsallake gwajin da aka rufe shi aka sa masa mita. Yaron da ya iya naɗa koyil, ya daidaita fambel, ya haɗa inbata da hannunsa yana da basira ta gaske, kuma wanda ya yaba masa a kan lissafin da bai tashi ba ya cuce shi, don ranar da batir ya mutu a gidan mai saye shi za a kira ɗan damfara. Ga inda basirarsa za ta yi amfani: da tsakar rana, kowane murabba'in mita a ƙasar Hausa yana karɓar kusan wat 1,000 na hasken rana, farantin sola na yanzu yana kama kusan kashi ɗaya cikin biyar. Batirin nan da inbatan nan, idan aka jefar da moto da altaneta aka ɗora musu faranti, sun sami abin da ke shiga, kuma ana iya sa masa mita a auna.