SHAIDAR IDO DA SHAIDAR IYAKA: Darasi Domin Hakimai da Malamansu na Ƙasar Yawuri

1. A shekarar 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mai da su hannun Gwamnati, kotunan sarakuna kuma suka daina zama. Tun daga sa'an nan yanke hukunci aikin alƙalai ne da majistarori da manyan joji. Amma duk da haka, a Warra da Ngaski da Shanga da sauran garuruwan bakin Tafkin Kainji, in an yi fashi ko an ci iyakar gona, galibi a ƙofar mai unguwa ko dagaci ko hakimi maganar ta kan fara faɗuwa. Abin da aka faɗa a wannan zama na farko, da yadda malamin hakimi ya rubuta shi, ya kan bi shari'ar har Birnin Kabi, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sakkwato, wani lokaci har Kotun Ƙoli a Abuja. Saboda haka ya wajaba hakimi da malaminsa su san irin shaidar da kotuna ke karɓa da irin wadda su ke watsarwa.

ASALIN DOKOKIN

2. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa wanda kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba, domin bisa dokar Gwamnati ta lokacin tunzurawar da aka yi masa tana rage nauyin laifin. Saɓani irin wannan tsakanin kotunan En'e da na Gwamnati yana cikin dalilan da suka sa Gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka sami dokar Final Kod da dokar tsarin shari'ar laifi, waɗanda suka fara aiki a 1960. A shekarar 2000 Jihar Kabi ta shiga cikin jihohin da suka mai do da hukuncin laifi na Shari'ar Musulunci a kan Musulmi. Dokar Shaida ta Tarayya kuwa an sabunta ta a 2011.

3. Ƙa'ida ɗaya ta haɗa hanyoyin nan duka, watau lalle a saurari wanda a ke tuhuma. A 1959, cikin shari'ar Guri da En'e ta Haɗejiya, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta rushe hukunci don an hana wanda a ke tuhuma da fashi ya kāre kansa. A kotunan Shari'a ma, in alƙali ya yanke hukunci bai yi i'izari ba, watau bai tambayi mutum ko yana da sauran hujja ba, kotun sama ta kan rushe hukuncin.

NAUYIN HUJJA

4. Ma'auni biyu ne, kada a gauraya su. A shari'ar laifi, Tsarin Mulki na 1999, sashe na 36, ya ɗauki kowane mutum marar laifi ne sai an tabbatar da laifinsa, kuma sashe na 135 na Dokar Shaida ya ɗora wa mai gabatar da ƙara ya tabbatar har ba sauran kokwanto mai dalili. In kokwanton ya rage, wanda a ke tuhuma shi ke cin amfaninsa. A shari'ar haƙƙi kuwa, kamar bashi ko gona, sashe na 134 ya ce rinjaye ya isa. Kotun Ƙoli ta kwatanta wannan da sikeli cikin shari'ar Mogaji da Odofin ta 1978: a ɗora hujjar kowa a gefensa, a duba inda ya fi nauyi. Ingancin shaidu a ke aunawa, yawansu ba ya ƙara nauyi.

5. Har wa yau doka ta bambanta gani da ji. Wanda ya gani shi zai faɗi abin da ya gani, wanda ya ji da kunnensa ya faɗi abin da ya ji. "An ce wane ne" ba shaida ba ce, ko da mutum ɗari sun maimaita ta a kasuwar Yelwa.

KAMA DA WANE BA TA WANE

6. Mutane sun ɗauka in mai gaskiya ya rantse ya ga wane da idonsa, magana ta ƙare. Kotuna sun koyi akasin haka da tsada. A Landan, a 1896, mata da dama suka nuna wani mutum, Adolf Beck, suka ce shi ya damfare su. Aka ɗaure shi, ya yi shekara biyar. A 1904 aka sāke kama shi, wasu matan suka sāke nuna shi, aka sāke samunsa da laifi. Yana tsare yana jiran hukunci sai aka kama ainihin mai laifin yana cikin irin wannan aiki. Matan nan ba ƙarya suka shirya ba, kuskure suka yi, suna kuwa da yaƙini a zukatansu. Wannan al'amari na cikin abin da ya sa Ingila ta kafa kotun ɗaukaka ƙarar laifi a 1907. A 1976, cikin shari'ar Turnbull, kotun Ingila ta tsara gargaɗin da za a riƙa yi game da shaidar gane fuska, Kotun Ƙoli ta Nijeriya kuma ta bi wannan tsari, kamar yadda ta bayyana cikin shari'ar Ikemson da Gwamnati a 1989.

7. Tambayoyin da kotu ke yi su ne: Wane tsawon lokaci mai shaida ya yi yana kallon mutumin? Nisa nawa ne tsakaninsu? Da wane haske ya gan shi? Akwai abin da ya tare masa gani? Ya san shi dā, ko ran nan ya fara ganinsa? Kwana nawa tsakanin ganin da nunawar? Siffar da ya bayar tun farko ta dace da mutumin da aka kama?

8. A bakin tafki tambayoyin nan suna da nauyi ƙwarai. A ɗauki misalin masunci wanda aka tare a kan ruwa da asuba aka ƙwace masa injin jirgi. Hazon hunturu ya rufe, jirgi yana tangaɗi, 'yan fashin sun naɗe fuska da rawani, sun dalle masa ido da tocila. Wanda aka haska shi a ke gani, shi ba ya ganin mai haskawa. Ga kuma tsoro, wanda kan sa idon mutum ya tsaya a kan bakin bindiga ya bar fuskar mai riƙe da ita. In bayan mako uku masuncin nan ya ga wani baƙo ran kasuwar Warra ya ce shi ne, kotu za ta karɓi maganar da hattara mai yawa. Amma in tun safiyar ya ce ya gane muryar wane, maƙwabcinsa na shekara goma, ya kuma ga tabon da ke hannunsa, wannan shaida ce mai ƙarfi, ko da ya ke ita ma sai an gwada ta, gama mutum ya kan yi wa baƙo sallama yana tsammani ɗan'uwansa ne.

RAHOTON FARKO

9. Cikin shari'ar Abudu da Gwamnati, a 1985, Kotun Ƙoli ta ce in mai shaida ya san mutumin da ya ce ya gani, amma bai ambaci sunansa a damar farko da ya samu ba, sai daga baya, to, kotu ta yi taka-tsantsan da shaidarsa, sai fa in ya kawo dalili mai gamsarwa. A nan ne alƙalamin malamin hakimi ke iya kuɓutar da rai ko ya hallaka shi. Ya rubuta rana da sa'ar da aka kawo labari, da sunan wanda ya kawo, da kalmominsa kamar yadda ya faɗe su. In ya ambaci suna a rubuta. In ya ce bai gane kowa ba, wannan ma a rubuta. A nemi siffa tun kafin a kama kowa: tsawo, launin fata, zanen fuska, sutura, da harshen da ya ji suna yi, ko Hausa ce, ko Gunganci, ko Kambarci, ko Fillanci. A ji kowane mai shaida shi kaɗai, domin in sun zauna tare suna ba da labari, ƙwaƙwalwar mai ƙarfin baki ta kan cinye ta sauran. Kada malami ya gyara magana don ta yi daɗin karatu, kada kuma ya kankare. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a sa hannu.

10. Kuskure mafi yawa shi ne a kamo mutum a ɗaure, a zaunar da shi a ƙofar fada, a kira wanda aka yi wa fashi a ce, "Shi ne?" Wanda ya ga mutum cikin igiya, jama'a sun kewaye shi, da wuya ya ce a'a. Daga ran nan kuma fuskar wanda ya gani a ɗaure ita ce za ta zauna masa a rai, ta kore wadda ya gani cikin dare. Nuna hoton mutum ɗaya a waya, ko yaɗa shi, ɓarnarsa ɗaya ce da wannan. Hanyar da kotu ta sani ita ce 'yan sanda su jera wanda a ke tuhuma cikin mutane kamar takwas ko fiye masu kama da shi a shekaru da tsawo da sutura, mai shaida ya zaɓa ba tare da an yi masa ishara ba. Ba a bukatar jerin in mai shaida ya san mutumin sarai tun dā, ko in an kama shi yana cikin aikata laifin. In an ɓata wannan mataki hasara biyu ce: marar laifi yana iya zuwa ga igiya, gama hukuncin fashi da makami kisa ne, mai laifi na gaske kuma yana iya kuɓuta saboda an raunana shaida.

11. In wanda a ke tuhuma ya ce ba ya wurin, yana Shanga ko Kontagora a daren, a rubuta nan take tare da sunan wanda ya sauka wurinsa, a miƙa wa 'yan sanda, gama kotuna sun ɗora musu binciken irin wannan uzuri in an kawo shi da wuri da cikakken bayani. Iƙirarin da aka samu da duka ko azaba, sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana karɓarsa. Tun harin da 'yan bindiga suka kai makarantar Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni 2021 zukata sun yi zafi, zargi ya yi arha. Hakimi ya gargaɗi 'yan banga cewa iyakar aikinsu su kama su miƙa, kuma kabilar mutum ko baƙuncinsa ba hujja ba ne.

RIGIMAR GONA DA RUWA

12. An gina madatsar Kainji daga 1964 zuwa 1968. Da ruwa ya cika, gungu da fadamu masu yawa suka nutse, aka ta da dubban mutane, musamman Gungawa, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka. Tsofaffin alamun iyaka da yawa suna ƙarƙashin ruwa. Bugu da ƙari tafkin yana cika da farin ruwa na ƙarshen damina da baƙin ruwa na hunturu, sa'an nan ya janye daga bazara, ya bar ƙasa mai dausayi wadda manomi da makiyayi da masunci kowa ke so. Mafi yawan rigimar bakin tafki daga nan ta ke tasowa.

13. A kotun Shari'a ƙa'idar Malikiyya a ke bi. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. A sha'anin dukiya ana karɓar shaidar maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko ta uba ga ɗansa, ko ta wanda zai ci riba in an yi nasara. Akwai kuma hauzi: in bare ya riƙe gona shekara goma yana aikinta kamar tasa, mai da'awa yana gari yana gani, bai yi magana ba, ba kuwa abin da ya hana shi, to, ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo da nisa. Amma in an tabbatar aro ne, ko jingina, ko haya, ko amana, hauzi ba ya cin gonar kome daɗewa.

14. A Babbar Kotu kuwa, shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 ta jera hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa: tarihin gado, takardu, ayyukan mallaka masu yawa na tsawon lokaci kamar sayarwa da ba da aro, daɗewar riƙo da amfani, da mallakar ƙasar da ke maƙwabtaka. Ɗaya ta isa in ta tabbata. In tarihin gidaje biyu ya yi karo, ƙa'idar shari'ar Kojo da Bonsie ta 1957, wadda ta taso daga Gana, ita ce a gwada kowane tarihi da abin da ya faru a kusa wanda idanu suka gani: wa ya yi noma, wa ya karɓi galla, wa ya ba baƙo izini. Dokar Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha amana a hannun Gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙon gargajiya a karkara. Saboda haka takardar hakimi shaida ce a kan abin da ya faru a gabansa, ba ta zama takardar mallaka ba.

ABIN DA KE WUYAN HAKIMI

15. Kowace gunduma ta ajiye littafi ɗaure mai lambar shafi domin aro da jingina da sulhu. A rubuta sunayen ɓangarorin, da maƙwabtan gonar gabas da yamma, kudu da arewa, da wa'adi, da shaidu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Kalmar "aro" ɗaya da aka rubuta yau tana iya kashe rigimar jikoki. Samarin da suka ga rabon filaye na 1968 da idonsu yanzu sun haura saba'in. Ya kamata a zaga da su iyakoki da rani, a rubuta abin da suka sani a gaban ɓangarori duka, tun suna da rai.

16. In an kira hakimi ko malaminsa shaida a kotu, ya tafi da littafinsa, ya faɗi abin da ya gani da abin da aka yi a gabansa, ya tsaya nan. In yana da dangantaka da wani ɓangare ya bayyana tun farko. Sulhu alheri ne a rigimar gona da bashi da ɓarnar dabbobi, kotuna ma suna ƙarfafa shi. Amma kisan kai da fashi da fyaɗe da satar mutane ba a sulhunta su a zaure. Waɗannan a kai rahotonsu ga 'yan sanda ran da aka ji, tare da kwafin abin da malami ya rubuta.