Tashar Lambun Sarki: Kayan Jama'a a Ƙarƙashin Ƙasa

Jama'a, a birnin Stokholm, babban birnin ƙasar Suwidin, akwai jirgin ƙasa da ke bi ta ƙarƙashin gari tun shekarar 1950. Tashoshinsa 100 ne, kuma sama da 90 daga cikinsu an ƙawata su da zane da sassaƙa. Wadda za mu yi magana a kanta ita ce Kungsträdgården, tashar Lambun Sarki, inda layin jirgin da ake kira layin shuɗi ya tuƙe a tsakiyar birni. An buɗe ta a 1977, zurfinta kuwa ya kai kamar mita 34.

Kafin a gina ta sai da aka kai ruwa rana. A 1971 hukumar birni ta yanke shawarar sare wasu tsofaffin itatuwa 13 na lambun, don a fitar da ƙofar tashar. Mutanen gari suka ce ba su yarda ba. Wasu suka haye rassa, wasu suka yi wa itatuwan zobe, 'yan sanda bisa dawakai suka yi ta fama da su. Daga bisani hukuma ta janye, aka mayar da ƙofar wani wuri. To, kun ji amfanin mutane su san abin da yake nasu.

Mai fasahar da aka ba aikin ƙawata tashar, Ulrik Samuelson, bai bar wannan labari ya ɓace ba, domin ya kafa siffar kututturen itace a ciki. Dutsen da aka fasa bai daidaita shi ba, ya bar shi da gargadarsa, ya shafe shi da kore, daɓen ƙasa kuwa ya yi masa ratsin ja da fari da kore. A gefen hanyar fita akwai ginshiƙai da siffofin fuskoki irin na wata tsohuwar fada, Makalös, wadda ta ƙone a 1825. Ruwa na tsattsafowa daga jikin dutsen, har gansakuka ta fito. A ganinmu nan ne gwanintar take: leburan da ke sammakon zuwa aiki yana ganin tarihin garinsu da kuɗin tikitinsa kaɗai, ba sai ya je gidan adana kayan tarihi ba.

Yanzu ana aikin miƙa layin shuɗin zuwa wani yanki mai suna Nacka, saboda haka nan gaba jirgi ba zai ƙara tuƙewa a nan ba. Wanda Allah ya kai shi Stokholm, kada ya yi gaggawar hawa sama, ya tsaya ya ba idonsa abinci.