DARASINMU: SHIN AKWAI SHAFAFFU DA MAI A GABAN SHARI'A?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata magana da ke yawo a bakin jama'a, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, a gidan biki da wajen gaisuwar mutuwa: wai hukunci na talaka ne, mai kuɗi da mai suna kuwa sai dai a ji labari. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, ta wace ƙofa sassaucin ke shiga? Kuma ke da kike cikin gida, mene ne naki a ciki?

Abin da ya faru a gabanmu

A ranar 27 ga Oktoba 1999 aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, dokar hukunta laifuffuka kuma ta fara aiki a Janairu 2000. Mata da yawa sun yi kukan murna, don sun sa rai an zo ƙarshen zalunci. A Maris 2000 aka yanke hannun wani mutumin Jangebe a kan satar saniya. A shekarar 2001 aka yanke na wani mutumin Gummi a kan satar kekuna. Dukansu talakawa ne, sun amsa laifinsu, ba su ɗaukaka ƙara ba.

To, ajiye wannan a gefe, ki dubi abin da ya gudana a sauran kotunan ƙasar nan. A 2005 tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Tafa Balogun ya amsa laifi a shari'ar biliyoyin Naira, aka ɗaure shi wata shida. A Janairu 2013 wani babban jami'in ofishin fanshon 'yan sanda, John Yakubu Yusuf, ya amsa laifi a kan kuɗin da suka haura Naira biliyan 20, kotu ta ba shi zaɓin tarar Naira 750,000, ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida tare da biyan Naira biliyan 22.9. A 2018 ɗin aka ɗaure tsofaffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, amma a 2022 aka yi musu afuwa.

Ko a nan gida, kwamitin da tsohon Sufeto Janar Muhammad Dahiru Abubakar ya jagoranta ya miƙa rahoto a Oktoba 2019, ya ce akwai hannun wasu sarakuna da hakimai a ta'asar 'yan bindiga. A 2022 aka tuɓe rawanin sarakunan Zurmi da Ɗansadau. Talakan da aka zarga da kai wa ɓarayin daji rahoto kuwa, sau da yawa ko gaban alƙali ba ya kaiwa, a hannun jama'a ake gama da shi.

Suna kaɗai ba ya ceto

Kada ki ɗauka duk wanda aka sani ne ke tsira. A Kano, a 2007 an ɗaure Adam A. Zango, a 2008 kuma aka ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, duk a kan dokokin tace finafinai. Ba gidan da bai san sunansu ba, amma sunan bai hana su kwana a kurkuku ba. Kin ga ke nan abin da ke sassauta hukunci shi ne dukiya da uwa a gindin murhu. Mai suna in ba shi da su, wani lokaci ma da shi ake yin misali.

Ƙofofi huɗu

Babu dokar da ta ce a ƙyale mai kuɗi. Sassaucin yana shiga ne ta ƙofofi huɗu.

Ta farko, lauya. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya yi iƙirarin laifin haddi yana iya janye iƙirarinsa, haddin ya faɗi. Mai lauya ya san haka, talaka bai sani ba. Safiya Husaini ta Sakkwato da Amina Lawal ta Katsina an yanke musu hukuncin jifa, amma da suka sami lauyoyi suka ɗaukaka ƙara, kotunan Shari'a na sama suka sallame su, ta farko a 2002, ta biyu a 2003. Dokar ba ta canja ba, mai tsaya musu suka samu.

Ta biyu, beli da jinkiri. Mai hali yana cika sharaɗin beli ya koma gida, shari'a ta yi ta tafiya shekara da shekaru har shaidu su gaji. Wanda ba shi da mai tsaya masa yana zaune a tsare. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba.

Ta uku, rigar kariya da afuwa. Sashe na 308 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a gurfanar da shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu muddin suna kan mulki. Kuma shari'o'in da EFCC da ICPC ke shigarwa manyan kotuna ake kai su, ba kotun Shari'ar da ta yanke wa ɓarawon keke hukunci ba.

Ta huɗu, kamun ƙafa. Wannan ita ce ta fi kusa da mu, kuma a kanta Manzon Allah (SAW) ya yi fushi.

Abin da addini ya koyar

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wata mata 'yar ƙabilar Banu Makhzum, babban gida a cikin Ƙuraishawa, da ta yi sata. Abin ya dami danginta, suka nemi wanda zai roƙa mata, suka tura Usama ɗan Zaidu saboda sun san irin son da Annabi (SAW) ke yi masa. Fuskar Annabi ta canja, ya tashi ya yi huɗuba, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne ƙyale mai daraja in ya yi sata, da tsayar da haddi a kan mai rauni. Sannan ya rantse cewa ko 'yarsa Fatima ce ta aikata, hukuncin ba zai canja ba. Nana A'isha ta ba da labarin cewa matar ta yi kyakkyawar tuba, ta yi aure, takan zo wurinta da buƙatunta.

Lura da abu biyu, 'yar'uwa. Halakar da aka ambata ta al'umma ce gaba ɗaya. Kuma wanda aka tsawata wa shi ne mai roƙon, duk da kusancinsa.

Adalcin kuma ba zafin hannu ba ne a kan talaka. Yanke hannu yana da sharuɗɗa: abin ya kai nisabi, wato rubu'in dinari, an ɗauke shi a ɓoye daga ma'ajiyarsa, kuma babu shubuha. Sayyidina Umar ya dakatar da wannan haddi a shekarar yunwa. Shi ne kuma ya kirawo gwamnan Masar, Amru ɗan Asi, tare da ɗansa, ya sa wani Bamisire ya rama dukan da ɗan gwamnan ya yi masa. Ga sauƙi ga mayunwaci, ga tsanani ga ɗan gwamna. Mu kuwa mun juya abin. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umarce mu da tsayuwa da adalci ko a kan kanmu ne, ko iyaye da dangi, ta kuma ambaci mawadaci da matalauci a jere. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya lissafa cin hanci cikin halayen azzaluman sarakuna a littafinsa Kitabul Farƙ.

Naki aikin

Za ki ce, to ni ina ruwana, ni da ba alƙaliya ba? Ai daga ɗakunanmu abin ke farawa.

1. Idan ɗanki ko ƙanenki ya cuci wani, kada ki zama Usama. Sulhu halal ne a kan haƙƙin mutane in mai haƙƙi ya yarda don kansa, an kuma biya shi. Amma a tara manya a kan uwar yarinyar da aka lalata, a ce mata a rufa asiri don yaron ɗan gidan wane ne, wannan danniya ce. Gidaje nawa ne aka kashe maganar fyaɗe a zaure saboda haka?

2. Ki dubi hukuncin cikin gidanki. In kuɗi suka ɓace a ɗaki, wa ake fara caje wa kaya? 'Yar aiki, ko agola, ko ɗan riƙo. In ta tabbata ɗan ɗaki ne, sai a ce ƙuruciya. Yaron da ya tashi yana ganin haka, ranar da ya zama alƙali ko ɗan sanda ba zai ga laifin bambanci ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3. Ki tambayi maigida cikin ladabi da hikima in dukiya ta shigo wadda ta fi ƙarfin albashinsa ko sana'arsa. Matar da ke guɗa a kan kowane kaya ba ta taimaki mijinta ba.

4. Ki san haƙƙin mai rauni, ki sanar da maƙwabciyarki. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka. Wanda aka kama, Tsarin Mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotun na da nisa. Akwai Hukumar Ba da Agajin Lauya ta tarayya, wadda aka kafa a 1976 don marasa hali. Hukuncin ƙaramar kotun Shari'a ana ɗaukaka ƙararsa, kuma yin hakan ba saɓa wa Allah ba ne, don alƙali mutum ne, yana iya kuskure.

5. A makarantun Islamiyya da tarukanmu, a ware ɗan abin da za a taimaki matar da mijinta ko ɗanta ke tsare ba mai tsaya masa. Wani kuɗin mota zuwa Gusau ne kawai ya hana a bi masa kadi.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Kafin mu yi kuka da manyan Abuja, kowace ta tambayi kanta: da wanda ya yi laifin nan ɗan maƙwabciyata ne, abin da zan ce ke nan?

Allah Ya ba mu shugabanni adalai, Ya ba alƙalanmu tsoronsa, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya sa mu faɗi gaskiya ko a kan namu ne. Amin. Wassalamu alaikum.